Tundra ta ƙi shiga giya bayan an yi mata aikin giyabos, ina mafita?

MaiDankali_Jos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema wajen masana. Ina da Toyota Tundra ƙirar 2003, inji V8 4.7, otomatik, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Da ita nake kwasar dankalin turawa daga Bokkos da Mangu in kai Mararaba. Wata biyu da suka wuce ina dawowa da lodin taki, a Hawan Kibo ta fara sulɓewa, inji na kuka amma mota ba ta gaba. Da kyar na lallaɓo ta gida. Muka zaro sandar geji, man ya yi baƙi ƙirin kamar tsohon man suya, ga warin ƙuna.

Na kai ta wajen wani mai gyaran giya a nan cikin gari. Ya sauke giyabos ya warware, ya ce faiba, wato faya-fayan da ke kama giya a ciki, sun cinye. Na sayo saitin faiba, da sil, da fakin, da sabuwar filta. Shekaranjiya aka mayar. Mota na tashi lafiya lau, amma ka sa D shiru, ka sa R shiru, 2 da L ma haka. Ko ɗan zillon nan da mota ke yi idan giya ta kama babu. Ka taka totur inji ya yi ta ihu kamar a N take. Yanzu ya ce wai birenbos ne, wato kwamfutar mota, in kawo kuɗi a nemo wani. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don da ƙafarta ta shiga garejin nan. Ga shi manoma sun fara kirana.

Dan_Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Alhaji. Kafin komai, lita nawa aka zuba mata?

MaiDankali_Jos:
Galan ɗaya da gora biyu na saya, lita 6 ke nan. Ya ce ya kai geji.

Injiniya_Apo:
Lita 6 bai kai ko'ina ba. Giyar da ke cikin motarka ita ce A340E, mai giya huɗu. Idan juye mai kawai aka yi ta noti na ƙasa, abin da ke fita bai wuce kamar lita 2 ba, shi ya sa mutane ke zaton giyar ba ta cin mai. Amma giyar da aka warware aka wanke ta bushe, da kwanbata (tulun ƙarfen da ke haɗa inji da giya) babu komai a ciki, tana shanye lita 10 ko fiye. Tambayata ita ce, da ya ce ya kai geji, mota na kashe ko tana aiki? In a kashe ya auna, ƙarya sandar ta yi masa, domin duk man ya taru ne a farantin ƙasa bai zagaya ba. Ana aunawa inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, an zagaya da liba daga P har L an dawo P.

Riwaya_Bukuru:
Ni wayarin mota ne sana'ata, kuma da a ce birenbos ne da ni zan ci kuɗin. Amma Alhaji kada ka sayi komai. Wannan giyar, ko ka zare soket ɗin solinoyid ɗinta (bawulolin wuta masu canza giya) gaba ɗaya, mota za ta motsa. D za ta zama giya ta 4, 2 ta zama ta 3, L ta zama ta 1, ribas kuma yana nan daram. Haka Toyota suka tsara ta don kada ta bar mutum a daji. Za ta yi nauyin tashi a D kamar jaki da kaya, amma za ta tafi. Motar da ba gaba ba baya, matsalarta ta mai ce ko ta ƙarfe, ba ta wuta ba. Duk lokacin da aiki ya gagari masu giya sai su jefo mana, wai birenbos.

Baba_Rami:
Riwaya ya faɗi gaskiya. Ɗana mai dankali, tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. Ranar da aka mayar da giyar kana wurin? In kana wurin, ina kwanbata take lokacin da suka ɗaga giyabos za su haɗa da inji: tana cikin bakin giyar, ko tana ɗaure a jikin filawul, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji?

Direban_Tifa:
Ni kam ban taɓa gane abin da ke kai ɗan kasuwa sayen otomatik don ɗaukar kaya ba. Da mai kuloci ce da tuni an sa faranti sabo ka kama hanya. Ko batir ya mutu yara su tura ka ka tashi. Wannan kuwa sai janwe.

Dan_Gangare:
@Direban_Tifa mutum na cikin rami kana tambayarsa me ya kai shi bakin rijiya. Tundra mai V8 ta wancan zamanin ma ai ba ta zo da kuloci ba, ina zai samo?

MaiDankali_Jos:
Baba ina wurin, tun bayan azahar har magariba. Abin nan mai kama da ƙatuwar kabewa ta ƙarfe ko? Ba su cire shi daga jikin inji ba tun farko, yana nan a ɗaure. Giyabos ɗin kawai suka sauke suka mayar. Na tuna ma sun sha wuya wajen haɗawa, ya rage kamar faɗin yatsa ya ƙi zama, sai ogan ya ce yara su sa dogayen notoci su ja shi a hankali. Suna ɗaurewa na ji wani ƙas, na tambaya aka ce ai zama ya yi.

Baba_Rami:
Innalillahi. To ɗana, ka riƙe zuciyarka. Bari in yi maka bayani yadda ko gobe ba mai ruɗa ka.

Kwanbata tana da wuya, kamar bakin tulu. A ƙarshen wuyan akwai tsaga biyu. A cikin giyabos, daga gaba, akwai famfon mai, kuma ƙaramin giyan famfon yana da haƙora biyu da dole su faɗa cikin tsagar nan. Inji ya juya kwanbata, kwanbata ta juya famfo, famfo ya tura mai, mai ya matse faiba, sannan mota ta motsa. Ba famfo, ba komai. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a sa kwanbata a bakin giyar tun tana ƙasa, a zuba mata kamar lita ɗaya na mai, ana juyawa ana turawa. Za ka ji ta faɗa sau ɗaya, ka ci gaba, ta sake faɗawa, ka ci gaba, har ta faɗa ta ƙarshe ta shige can ciki. Mu da muka koya a hannun tsofaffi, sai ka sa rula a bakin giyar ka auna zurfinta kafin oga ya yarda a ɗaga. Idan an haɗa da inji daidai, giyabos zai manne da hannu ba tare da an ja shi da noti ba, kuma ka sa yatsa ta ƙasa ka juya kwanbata ta juya sakayau, har sai ka ɗan jawo ta gaba kamar milimita 3 zuwa 5 kafin ta taɓa filawul.

Wanda ya bar ta a jikin filawul ya turo giya a kanta, sa'a yake nema. Tsaga ba ta hau kan haƙori ba, noti ya ja, ƙarfe ya danne ƙarfe. Wannan ƙas da ka ji, ina tsoron haƙoran famfo ne. Kuma ko ba wannan ba, giyar da ta ƙone faiba, dattin duk yana cikin kwanbata. Barinta a jiki ba a ko juye ta ba, aikin rabi aka yi maka.

YaronGareji_22:
Baba da girmanka, amma ni na ga an mayar a haka kuma ta yi. Ogana ya taɓa yi wa wata Hilux haka don sauri, har yau tana hanya.

Baba_Rami:
Na yarda ka gani, yaro. Wani ma ya tsallaka titin Bauchi Road ido rufe ya kai. Kai dai kada ka koya.

Injiniya_Apo:
Ina tare da Baba a kan zargin, amma kada a sauke giya a kan zargi. Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi.

Na farko, mota na kashe ka zaro sanda ka ga inda mai ya tsaya. Ka tayar, ka jira minti ɗaya, ka sake aunawa. In famfo na ja, man zai sauka sosai. In yana nan inda yake, famfo ba ya aiki.

Na biyu, akwai bututu biyu da ke fita daga giya zuwa ƙasan lagireto, inda man ke hucewa. A cire tiyo ɗaya a sa bakinsa a bokiti, wani ya tayar na ɗan lokaci. Lafiyayyen famfo zai ba ka kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 20. Kada a wuce haka, a kashe. A sa bokitin ta yadda ko ta wane ɓangare man ya fito zai kama, don na sha ganin wanda ya yi wanka da jan mai saboda ya cire ɓangaren da bai zata ba.

Kuma don Allah a daina taka mata totur tana cikin D. In akwai ɗan ƙarfin mai kaɗan, faiba na gogar juna ba su kama ba, sabbin da ka saya za su ƙone kana tsaye.

Maman_Khalifa:
Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni ban san kan inji ba, amma abin da ya same ni ya so ya yi kama da naka. Bayan an yi wa motata aikin giya, sai ta yi tafiyar minti biyar ta saki, kamar an zare mata rai. In na kashe na jira kaɗan sai ta sake kamawa. A gaban makarantar yara ta yi mini haka ana ta yi mini hon. Wata uku ana ce mini kwamfuta ce. Ashe gam ɗin da suka shafa a farantin ƙasa ne ya yi yawa, ya gutsuttsure ya toshe filta. Da aka buɗe a gabana, filtar cike da jan gam kamar taliya. Ka sa a duba wannan ma.

Injiniya_Apo:
Hajiya, naki alamar toshewar filta ce sak: ta ja, datti ya taru a bakin filta, ta saki, a kashe dattin ya zube, ta sake ja. Tasa ba ta taɓa kamawa ba ko sau ɗaya, shi ne bambancin. Amma kin tuna mini da wani abu. Filtocin wannan giyar ba iri ɗaya ba ne, akwai mai dogon wuya akwai gajere, ya danganta da zurfin farantin. In aka ba shi gajere a faranti mai zurfi, ko fakin filtar bai zauna ba, famfo iska zai riƙa zuƙa. Alamar ita ce kumfa a jikin sanda.

Beljiyam_Zuba:
Duk wannan dogon turanci da an huta da shi. Alhaji, kuɗin faiba da sil da aikin hannu da man da za ka sake saya, in ka tara ai ka kusa kuɗin giya 'yar Beljiyam. A ɗaura maka yau gobe kana Mararaba. Giyar da Bajapane ya haɗa a masana'anta ba ɗaya take da wadda aka haɗa a kan buhu a ƙasa iska na kwaso ƙura ba. Ka yi mini magana ta akwatin sirri.

Dan_Gangare:
Ga ɗan kasuwa ya shigo. Ita 'yar Beljiyam ɗin motar da aka ciro ta shekararta 20 da wani abu, wa ya san abin da ta gani? Ni na sayi ɗaya aka ba ni garantin sati biyu, ta mutu a rana ta 19. Kuma ko ita ce, in waɗannan yaran ne za su ɗaura ta da dogon noti, an gudu ba a tsira ba.

Beljiyam_Zuba:
Ba a wajena ka saya ba dai.

Da_Plato:
Maganar ƙura da ya yi gaskiya ce fa, ko da talla yake. Yanzu hunturu ne, ku je kowane gareji ku ga inda ake baza kayan cikin giya. Ƙwaƙwalwar giya, wato farantin nan mai hanyoyi kamar gidan tururuwa, akwai ƙananan ƙwallaye a ciki da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Ɗaya ta gangara cikin yashi, yaro ba zai faɗa wa oga ba. Ni dai tawa da aka yi, na sayi sabuwar leda na shimfiɗa musu da kaina, na zauna a kan benci har aka gama. Sun ce na cika naci. Shekara huɗu ke nan ban koma ba.

Oga_Otomatik:
Na karanta duka. Ni mai wannan sana'ar ne a nan Jos, ba ni na yi aikin ba, kuma ba zan zagi abokin sana'a ban ji ta bakinsa ba. Amma akwai abu ɗaya da ba wanda ya ambata, kuma ya fi kowanne saurin faruwa. A cikin ƙwaƙwalwar giya akwai wani dogon bawul da liba ke turawa kai tsaye. Yana da tsaga, kuma akwai ɗan ƙusa a jikin ƙarfen liba da dole ya shiga tsagar lokacin da ake mayar da ƙwaƙwalwar. In ya kuskure, kana sama kana ja P, R, N, D, fitilar dashbod na canzawa daidai, P ma tana riƙe mota, amma bawul ɗin na zaune wuri ɗaya bai san ana yi ba. Famfo lafiya, faiba lafiya, mota ba ta motsi. Ni kaina ya taɓa kama ni sau ɗaya ina sauri ranar Juma'a. Gyaransa cire faranti ne kawai, ba sai an sauke giya ba.

Saboda haka kada kowa ya yanke cewa famfo ne tukuna. Ƙas ɗin da ya ji zai iya zama ƙusoshin saiti ne suka faɗa raminsu.

Baba_Rami:
Zai iya. Allah ya sa haka ne, ni ma abin da nake masa fata ke nan. Amma faɗin yatsa da noti ya ja, Oga, kai ma ka san ba ƙusar saiti ba ce.

Sabon_Direba:
Ku yi haƙuri da tambayar jahili. Ba za a iya ja ta da wata mota a sa giya ta kama ba, kamar yadda ake yi wa mai kuloci?

Riwaya_Bukuru:
A'a ƙanena. Famfon inji ke juya shi, ba taya ba. Jan ta ma da ƙafafun baya a ƙasa ɓarna ne, kayan ciki na juyawa babu mai. In dole sai an matsar da ita zuwa wani gareji, a kwance furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, tukuna ko a ɗora ta a kan mota.

Hilux_Rikkos:
Ni abin dariya ne ya same ni, bari in faɗa ko zai yi wa wani amfani. Hilux ɗina mai ƙaramar liba ta biyu ce. Bayan an yi aiki, ba gaba ba baya, kwana biyu muna neman aljani. Wani tsoho mai gadin garejin ya leƙo ya ce wannan ƙaramar sandar a tsakiya take fa. Ashe yara sun bar ta a N da suke tura motar. Alamar da muka ƙi lura da ita: in ka dawo da ita P daga D sai ka ji ƙarrr, kuma tana P amma a ture ta ta gangara. Na san ta Alhaji ba mai ja huɗu ba ce, amma in furofela ko aksul ne ya saki, alamar ɗaya ce.

MaiDankali_Jos:
Ba ta yin wannan ƙarar, kuma P na riƙewa, mun gwada turawa.

Direban_Tifa:
Wane mai ma aka zuba? Don yanzu jan mai ya cika kasuwa, wani ma baƙin mai ne mara kauri aka sa wa kala.

Kwatano_Kawai:
Dexron III ake sa wa duk tsohuwar Toyota, magana ta ƙare.

Injiniya_Apo:
Ba ta ƙare ba. Na farkon Tundra, 2000 zuwa 2002, su ne masu Dexron. Ta 2003 da 2004 T-IV Toyota suka ce. Daga 2005 aka koma giya biyar mai shan WS, wadda ba ta da sandar geji ma sam. Ba sai an yi musu ba, a jikin sandar ko kan notin juyewa ana rubutawa, ya goge ya karanta. Amma a gane, man da ba daidai ba yana kawo fizga ko ɓari wajen canja giya, ya rage wa faiba kwana. Ba ya hana mota motsi gaba ɗaya ranar farko.

Kwatano_Kawai:
Ni shekara shida ina sa Dexron a tawa ban ga komai ba.

Dan_Gangare:
Taka ƙirar wace shekara ce?

Kwatano_Kawai:
2001.

Dan_Gangare:
To ai ka ga.

Admin_Tasha:
Jama'a a dawo kan maganar Alhaji. Masu musun mai su buɗe nasu zaren. Mai talla kuma an gargaɗe shi tun watan jiya.

MaiDankali_Jos:
Salam. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yau da safe na je da ƙanena muka yi gwajin Injiniya. Da farko ogan ya ɓata rai, ya ce wai 'yan waya ne za su koya masa aiki. Na ce masa ni ba rigima ta kawo ni ba, bokiti kawai nake so.

Ga abin da muka gani. A kashe, man ya haura alamar sama. Da aka tayar ya sauka, amma ba sosai ba, kuma akwai ƴan kumfa a sandar. Tiyon lagireto da muka cire, man na fitowa amma ba da ƙarfi ba, yana tsartuwa yana yankewa kamar famfon unguwarmu, a daƙiƙa 20 bai cika rabin gorar ruwa ƙarama ba. Na sayo lita 4 muka ƙara a hankali. Bayan nan, in aka sa R aka jira kamar daƙiƙa goma sai ka ji ta ɗan yi nauyi kamar za ta kama, har ta matsa baya kamar taku ɗaya, sannan ta saki. D har yanzu babu. Kuma yanzu akwai wani kuka siriri daga gaban giyar, wiii, yana ƙaruwa in an ɗan taɓa totur. Ban bari an taka sosai ba.

Ogan ya daina maganar birenbos. Yanzu cewa yake kwanbata ce ta mutu, in sayo wata.

Oga_Otomatik:
To tunda R ta motsa, bawul ɗin da na yi zargi yana tafiya, na janye rabin maganata. Rabi na ce, don in kebul ɗin liba bai saitu ba zai iya kai shi R ya kasa kai shi D sosai. A kwance kebul a ƙasa a juya ƙarfen da hannu, ana ƙirga faɗawarsa, mutum na kan birki. Minti biyar ne.

Baba_Rami:
Kukan nan shi ne amsar. Haƙoran ba su karye duka ba, da ko ɗigo ba za ka gani a bokiti ba. Abin da ya faru, wuyan kwanbata ya danna giyan famfo ya shiga cin murfinsa. Famfon da ya ci jikinsa yana juyawa amma mai na zurarewa ta gefe, ƙarfi ba ya taruwa. Kuma duk minti ɗaya da injin nan ke aiki, garin ƙarfe yake niƙawa yana aikawa cikin sabbin kayanka. Ni a daina tayar da ita ma.

Injiniya_Apo:
Baba, kuka da kumfa da tsartuwa, duka ukun filta mai zuƙar iska ma tana yin su. Ban ce ba famfo ba ne, kashi mafi yawa na zargina yana can. Amma faranti noti ne kawai, a cire a gani. In an tarar da garin ƙarfe mai walƙiya a kan maganaɗisun da ke cikin farantin, giyar da ko mita ɗaya ba ta yi ba, to Baba ya ci gari, a sauke. In faranti fes yake, a duba wuyan filta da fakinta da bawul ɗin Oga. Sannan a nemo agogon awon ƙarfin mai a ɗaura a gefen giyar, akwai ɗan noti da aka tanada don haka. A D inji na zaune ya kamata a ga kusan 60 a ma'aunin psi, R ta fi haka. Gareji mai aikin otomatik da ba shi da wannan agogon, lalube yake cikin duhu.

YaronGareji_22:
To me ya sa R ta ɗan kama D ba ta kama ba, in famfo ne? Ba duka ya kamata su mutu ba? Tambaya nake don in koya.

Oga_Otomatik:
Tambaya mai kyau. A R giyar na ɗaga ƙarfin mai sama da na D, to ɗan abin da ya samu zai iya kai shi can. Amma kuma faiban da ke kama gaba daban suke da na baya. In an yanke sil ɗin fistan na gaba wajen sawa, ko zoben da ke kan shaft ya karye, D za ta ɓace ko famfo sabo ne. Shi ya sa muke hura iskar kwamfuresa a kowace hanya kafin mu rufe, ka ji fistan ya buga tim. Alhaji ka tambaye shi ko ya yi wannan, da kuma ko ya jiƙa faiban a mai kafin ya jera, ko da minti 15 ne. Tsorona kada a tarar matsala biyu ce a haɗe.

Maman_Khalifa:
Ni tambayata, in famfon ne, wa zai biya?

Dan_Gangare:
Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Famfo lafiya ya zo, da shi motar ta hau Hawan Kibo.

Da_Plato:
A hankali dai. In ka matsa masa ya biya daga aljihunsa, zai je ya samo mafi arha ya sa maka, kai ne za ka kwana a Akwanga. Ni shawarata Alhaji ya sayi famfo da kwanbata da kansa, shi kuma ya yi aikin hannu kyauta, a gaban wani babba da su biyun suka yarda da shi. In ya ƙi, akwai shugabannin ƙungiyar makanikai a kowane layi, an saba kai irin wannan gabansu.

Baba_Rami:
Kuma in za a sauke, a wanke bututun lagireto da tiyo duka, gaba da baya, har sai abin da ke fita ya zama fes. A duba filawul ko ya lanƙwashe ko ya tsage wajen notoci, tunda shi ma ya sha matsa. Lagireton ma a dube shi, na irin waɗannan motocin in ya tsufa yakan huje ta ciki ruwa ya haɗu da man giya ya koma kamar madara mai ja-ja. In asalinsa ne tun 2003, ni da canzawa zan yi.

Direban_Tifa:
Lissafi na ta hawa. Na dai faɗa tun farko.

MaiDankali_Jos:
Mun yi magana da shi bayan la'asar, ya sauko. Ya amsa cewa bai hura iska ba, wai kwamfuresarsu ta lalace, amma ya rantse ya jiƙa faiba tun dare. Gobe da ƙarfe tara za a cire faranti a gabana kafin a taɓa komai. Dankalin wannan satin na ba wani maƙwabcina mai J5 ya kai, riba ta tafi a haya amma ya fi ya ruɓe. @Oga_Otomatik in kana da agogon nan, ko haya ne ka taimaka mini da shi, zan aiko ƙanena da mashin.

Oga_Otomatik:
Ina da shi, ba haya. Amma ba na ba da shi a hannu, an taɓa dawo mini da wani allurarsa a karye. Ka turo mini kwatance ta akwati, zan biyo da kaina kafin in buɗe shago. A tanadi farin bokiti mai tsabta don man da za a juye, ina so in ga ƙasansa a rana.

Baba_Rami:
A ɗauko mana hoton maganaɗisun kafin wani yaro ya goge shi da tsumma.